Motar da Ta Ƙi Riƙe Gudu

Ranar da motar ta iso Maamobi daga tashar jiragen ruwa ta Tema, har kajin layin sai da suka san an yi baƙuwa. Ruwan toka ce, doguwa, mai sanyin ciki. Ruhaina ce ta aiko wa babanta da ita daga Amurka, inda take aikin jinya. Alhaji Tijani ya zagaya ta, ya sake zagayawa, yana goge mata jiki da gefen jallabiya, baki har kunne. Matarsa Hajiya Zalia kuwa tana bakin rumfarta ta waakye, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi, tana zuba wa masu saye yaji tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ta yi murna, ba za a ce ba ta yi ba. Amma tun daga yadda ya riƙe makullin ta san an jawo mata aiki.

Shi fa Alhaji ba ƙaramin direba ba ne. Tun yana da baƙin gemu yake jan atikileta, doguwar motar kaya, daga Tema zuwa Wagadugu, zuwa Yamai, zuwa Bamako. Gwiwar dama ce ta sauke shi daga kan hanya. Yawo a cikin gari ba ya damun ta, taka birki ma ba ya damun ta. Amma in ta daɗe a kan totur tana dannawa, sai ta kumbura ta sage, a kwana biyu ana gasa ta da ruwan zafi, kuma kowa ya san wa ke ɗora ruwan.

Ba a jima ba kuwa maganar ta fito fili. Za a yi bikin 'yar ƙanensa a Tamale. Alhaji ya tsoma hannu a kwanon tuwo ya ce, kamar mai zancen da bai kai ya kawo ba, shi zai ja motarsa da kansa, Hajiya kuma a ciki.

"Da wace gwiwar?" in ji Hajiya.

"Da wadda Allah ya ba ni."

"Wadda Allah ya ba ka ai ka baro ta a hanyar Wagadugu, Alhaji. Wannan ragowa ce."

Bai yi dariya ba. Ya tsame hannunsa ya dube ta. "Hajiya, na kai siminti Yamai, na kai shinkafa Bamako, na ɗauko albasar mutane daga inda ban san kowa ba. Ke kaɗai ce ban taɓa kaiwa ko'ina ba. Kullum a bas, kullum wani ne ke jan ki. Ina so 'yan'uwana su ga na shigo Tamale da matata, hannuna a kan sitiyari, ko da sau ɗaya ne kafin a kai ni makwanci."

Wallahi maganar ta shige ta har ƙashi. Amma tsoro ya fi ƙarfi. Ta hango gwiwar ta sage a tsakiyar dajin Kintampo, manyan motoci na tahowa. Sai ta tsuke fuska, ta kwashe kwanuka da ƙarfi, ta ce a kira Ruhaina ta raba gardama.

Ruhaina ta saurari kowa a waya, ta yi dariya. "Baba, ai motar tana da kurus."

"Tana da me?"

"Kurus. Madanni ne a jikin sitiyari. In ka kai gudun da kake so sai ka danna, ka ɗage ƙafarka daga totur, motar ta riƙe gudun da kanta. Gwiwarka ta huta, kai dai ka kula da sitiyari da birki." Sai ta yanke hukunci irin na 'ya'yan da suka saya wa iyayensu mota. In kurus ya yi aiki, Baba ya tuƙa. In bai yi ba kafin Juma'a, ranar tafiya, a ɗauki direba, Baba ya zauna a baya kamar kowane dattijo.

Alhaji ya amince tun ba ta rufe baki ba. Hajiya ma ta amince, don ita a ranta ba ta yarda akwai motar da ke tafiya ba ƙafa ba.

Washegari ya fita gwaji a titin Nima. Ya danna, ya danna, ya kuma dannawa, ko gezau. Ya dawo ya tsaya a gaban rumfar Wasiu mai gyaran lantarkin mota, wadda ke kallon rumfar Hajiya, kwata kawai ta raba su. Wasiu magidanci ne mai tumbi da yawan dariya. Kakanninsa Yarbawa ne, amma a Nima aka yanke masa cibiya, Hausarsa kuwa irin ta Zongo ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa da komai "shi" ne.

"Baba Alhaji, ina ka gwada shi?"

"Daga kasuwar Nima zuwa kwanar Maamobi."

Wasiu ya riƙe ciki, ya jingina da motar, sai da hawaye suka zo masa. "Baba, abu nan ba ya kamawa sai allura ya wuce ashirin da biyar! Tun da aka haife ni ban ga mota ya yi wannan gudu a Nima ba. Ko akuya yana wuce mota a Nima!"

Gaskiya ya faɗa. Titin da trotro, motar haya, ke tsayawa a tsakiya tana lodin fasinja, mai baro na turo doya, mata na tsallakawa da tire a ka, mai babur na kutsawa ta inda ba hanya, ina mota za ta ga fili? Alhaji da kansa sai da ya murmusa. Hajiya kuwa ta ji komai daga bakin tukunya. Ashe abin nan da gaske ne.

Suka ɗauki hanyar motowe, babban titin da ya miƙe sambal daga Accra zuwa Tema, Alhaji na tuƙi, Wasiu a gefe. Kafin azahar suka dawo. Fitilar farko da ke nuna an kunna abin ta kama. Ta biyun, wadda ke nuna motar ta karɓi gudu, ta ce atafau.

Daga nan Wasiu ya tuɓe riga ya shiga aiki. Ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga su ga rana, lafiyarsu lau. Ya danna hon, ya yi ƙara har awakin layi suka watse, ya ce to wayar cikin sitiyari ba ta tsinke ba. Ya kwanta a ƙarƙashin motar ya bi 'yan wayoyin da ke ƙirga juyin taya, ya busa su, ya goge, ya mayar. Ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari ya danna birki da hannu, fitilun baya suka kama, ya saki, suka mutu. Har Kokomlemle ya je ya aro mashin ɗin nan da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta da bakinta. Mashin ya yi tunani ya yi tunani, ya ce ba abin da ke damun ta. Kullum a koma motowe, kullum a dawo da fuska a murtuke.

"Baba, ba ni in ja shi sau ɗaya, in ji shi a jikina," in ji Wasiu.

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. "Tun kafin a yaye ka nake kan sitiyari. Kujerar direbata ba wanda ya taɓa zama a kai ina raye. Kai dai gyara waya."

Kai, tsoho da taurin kai! Wasiu ya roƙa da Hausa, ya roƙa da Twi, har da rantsuwa, Alhaji ya kafe. Hajiya kuwa ranta fes. A 'yan kwanakin nan kwanon Wasiu ya riƙa zuwa da ƙarin ganda da ƙwai, shi kuma bai tambayi dalili ba.

Ranar Laraba da hantsi Wasiu ya tsallako kwata ya zauna a bencinta, hannu duk baƙin mai, ya zabga tagumi. Ta tura masa kwano.

"Mma, mota nan ya gagare ni. Komai nashi lafiya. Abu ɗaya na sani yana hana kurus: in mota ya ji an taɓa birki. Ko ƙuda ne ya sauka a kai, ba zai yarda ba. Amma na duba, makunnin birki lafiya lau."

"Yaya ake gane mota ta ji an taɓa birki?" ta tambaya, don dai ta taya shi hira.

"Jan wuta na baya mana. In an taɓa, ya kama. In an saki, ya mutu."

Ludayin ya tsaya a hannunta.

Ita fa Hajiya Zalia ba ta san fiyus ba, ba ta san waya ba. Amma in bayan mota ne, duk Maamobi ba wanda ya kai ta saninsa. Duk tsawon shekarun da Alhaji ya yi yana tafiya, in zai tashi sai ta raka shi bakin babban titi inda yake ajiye atikileta. Ya hau, ya ɗaga mata hannu, jajayen fitilun baya su kama yayin da yake kan birki, su mutu in ya saki, motar ta ja. Ita kuma ta tsaya nan, da goyo ko da ciki, tana addu'a har bayan motar ya ɓace. To a wannan makon ma, da al'ada ta bi jiki, duk fitar da suka yi sai ta bi su da ido. Kuma kullum wani abu na yi mata ba daidai ba, ta kasa gane ko mene ne. Yanzu ta gane. Fitilun ba sa mutuwa. Tun daga bakin kwata har kwanar masallaci jajir suke, ko da gabansa fili ne.

Sauran kuwa ba sai an gaya mata ba. Wa ya kai ta sanin ƙafar hagun Alhaji? Ƙafar da ta ƙare rayuwarta a kan kuloci. Yana cin tuwo tana dannawa, yana jin rediyo tana dannawa, yana gyangyaɗi a kujera tana canza giya. Wannan sabuwar mota kuwa ba ta da kuloci, ita ke canza giyarta da kanta. Ƙafar ta laluba ta rasa abokin zamanta, sai ta samu faffaɗan birki a kusa ta ɗora kai a gefensa. Jallabiya ta rufe, Wasiu bai gani ba, mai ƙafar ma bai sani ba.

"Mma, lafiya?" in ji Wasiu.

"Lafiya lau. Ci abincinka."

Ta yi gum. Ai ba ƙarya ta yi ba, ba wanda ya tambaye ta. In ta riƙe bakinta zuwa Juma'a, shi ke nan, direba zai ja su, gwiwa ta huta, ita ma hankalinta ya kwanta. Haka ta riƙa gaya wa kanta tana kwasar shinkafa. Amma shinkafar ranar sai da ta kama a gindin tukunya, abin da bai taɓa faruwa da ita ba, har maƙwabciyarta Abiba mai koko ta leƙo tana tambayar ko wani abu na ƙonewa.

Ranar Alhamis bayan azahar suka dawo daga gwajin ƙarshe. Ta ga shigowarsu, fitilu jajir kamar kullum. Alhaji ya fito a hankali. Bai yi faɗa ba, bai zagi Amurka da motocinta ba kamar jiya da shekaranjiya. Ya yi wa Wasiu godiya, ya tsallako kwata, ya ajiye makullin a kan teburinta kusa da kwanon gari.

"Ki aika a gaya wa direban ya zo da wuri gobe," ya ce. "Alkawari alkawari ne."

"Zauna ka ci abinci."

"Na ƙoshi."

Ya koma wajen motar. Ya ciro tsumma ya shiga goge gilashin gaba, a hankali, lungu-lungu, gilashin da wani ne zai duba hanya ta cikinsa. Allah sarki. Sai ta ga ya tsufa a gabanta, kafaɗun nan da suka juya atikileta sun sauko, wuyan jallabiya ya yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ta, kunyar kanta kuma ta rufe ta. Wato ta ci gardama ke nan? In wannan ce nasarar, ita kam ba ta so.

Ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta ɗauki makullin. "Abiba, ga rumfa nan." Ta tsallaka kwata ta miƙa masa. "Tashi motar. Wasiu, sa rigarka. Ni ma yau sai na ga wannan kurus da ya hana mu barci."

"Hajiya, an gama magana."

"Ni ban gama ba. Mu je."

Ta shige baya ta hakimce. Suka kutsa cunkoson Maamobi da ƙyar, suka bi ta Kanda, har suka hau motowe. Titi ya buɗe, iska ta fara kaɗa ciyayin gefen hanya, allura ta hau ta wuce inda ake so. Alhaji ya danna madanni ba tare da wani sa rai ba.

"Kin gani ko?" ya ce. "Haka yake yi."

Hajiya ta matso, ta dafa bayan kujerarsa. "Alhaji, ɗage jallabiyarka."

Motar ta ɗan yi tangaɗi. "Innalillahi! Hajiya, a gaban Wasiu?"

"Zuwa gwiwa kawai, ba cewa na yi ka tuɓe ba. Wasiu, leƙa ƙasa ka gaya mini abin da ka gani."

Alhaji ya ja tsaki, amma ya sa hannu ɗaya ya tattare jallabiyar. Wasiu ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, bakinsa a buɗe yake, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Ei! Baba Alhaji! Ƙafanka na hagu! Yana zaune kan birki kamar ya biya haya!"

"Wace ƙafa? Ba ta taka komai ba. Hutawa kawai take yi."

"Hutawa nan ne ya kashe mu! Na cire fiyus, na shiga ƙarƙashi, na je Kokomlemle, ashe ciwo yana cikin takalmi!"

"Kuloci take nema," in ji Hajiya. "Ba a gaya mata an daina yayinsa ba."

Alhaji ya saci kallon ƙasa, ya ga ƙafar da idonsa, babban yatsa a gefen birki kamar ba ita ba. Ya janye ta da sauri. Ya kai hannu zai danna madanni, kafin ya kai, ƙafar ta lallaɓa ta koma.

"Hagu!" Hajiya da Wasiu suka faɗa tare.

Ya janye. Ta koma.

"Hagu!"

"To yaya kuke so in yi da ita? In yanke in ba ku ajiya?"

"Lanƙwasa ta baya, ka kwantar da ita a gindin kujera," in ji Hajiya. "Kamar za ka yi zaman tahiya. Ai a sallah tana jin magana."

Ya yi bismillah, ya ja ƙafar baya ya kwantar da ita. Ya danna. Wata 'yar fitila koriya, wadda suka yi mako suna roƙo, ta kama ɗas a gaban sitiyari.

"Ya kama!" Wasiu ya daka tsalle har kansa ya bugi rufi. "Baba, cire ƙafan dama! Cire shi!"

Alhaji ya ɗaga ƙafar daga totur a hankali, kamar mai sauke jinjirin da ya yi barci. Motar ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta ci gaba da shan titi abinta, lumui. Suka iso 'yar gangara ta riƙe kanta, suka hau ɗan tudu ta ƙara wa kanta mai ba wanda ya roƙe ta. Alhaji ya motsa gwiwa, ya murza idon sawu, ya kaɗa yatsu a cikin takalmi. Sai dariya ta ɓarke masa, irin wadda Hajiya ta manta rabon da ta ji, tun daga ciki, har hula na zamewa.

"Allahu akbar! Hajiya, kina gani? Ba ƙafa! Wallahi ba ƙafa! Ina ma direbobin Tema na da suna nan su ga wannan!"

Hajiya ta so ta daure, ta kasa. Ta rangaɗa guɗa a cikin motar, gilashi a rufe, sai da Wasiu ya toshe kunne. Wani mai trotro da suka wuce ya bi su da kallo, shi da fasinjojinsa.

Da aka lafa, ta share ido da bakin mayafi ta kafa sharuɗɗanta. Za a tsaya a Kumasi a miƙe ƙafa. Za a kwana a Techiman, ba tafiyar dare. In gwiwa ta yi ko da ƙis, za a faɗa, ba ɓoyewa. Alhaji na cewa "na yarda" tun kafin ta kai ƙarshen kowace magana, in da ta ce ya riƙa tsayawa yana gaida kowace bishiya ma da ya yarda.

"Amma Mma," in ji Wasiu, ya juyo gaba ɗaya, "ni da mashin mun kasa. Kai yaya ka sani?"

"Kai ka gaya mini. Ka ce jar wuta. Na ga ba ta mutuwa in kun tafi."

"Kina kallon bayan motar ne?" in ji Alhaji.

"Yo da can me nake kallo? Gabanta naka ne, bayanta nawa. In ka hau atikileta ka ɗaga hannu, ai ba gida nake komawa ba. Tsayawa nake sai ka ɓace."

"Kowace tafiya?"

"Kowace tafiya."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi titi. Shi a zatonsa da ya ɗaga hannu take juyawa ga tukunyarta. Madubin atikileta na nuna kaya da tayoyi, bai taɓa neman mace mai goyo a cikinsa ba.

"Tun jiya na gane," ta ƙara da ƙaramar murya, don ba ta son maganar ta rage mata a ciki. "Na yi shiru. Tsoro nake ji, Alhaji. Har yanzu ma ina ji."

"Na sani," ya ce. Ya kunna tirafiketa, ya taka birki da ƙafar dama yadda ya kamata, koriyar fitila ta mutu, ya gangara gefen titi ya tsaya. "Wasiu, koma baya."

"Baba, me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Wurin ba naka ba ne."

Ya fito da kansa, yana ɗan ɗingishi, ya zagayo ya buɗe mata ƙofar gaba, manyan motoci na wucewa iskarsu na kaɗa masa jallabiya. Hajiya ta ce wannan wane irin abu ne a bakin titi, mutane na gani, da girmansu da komai. Tana faɗa tana fitowa. Ta zauna, ya jawo bel ya ɗaura mata a kan mayafi, ya rufe ƙofa a hankali.

Suka hau titi. Ba su yi nisa ba ta hango jallabiya na motsi ta wajen ƙasa.

"Hagu!"

"Na ji, na ji."

"Haka zan yi ta yi har Tamale?"

"Har Tamale. Na ɗauke ki aiki."

Koriyar fitila ta sake kamawa. Hajiya ta gyara zama, ta jingina, sanyin motar na ratsa ta. Ta ga shanu na kiwo can gefe, ta ga rufin masana'antu na ƙyalli a rana, ta riƙa tambaya yana ba ta amsa: nan ne tayarsa ta taɓa fashewa da lodin siminti, can ne wata mata ke sayar da kenke, tuwon masara, mai daɗi a da. Ashe duk wani tudu da kwari na hanyar nan yana da labari a wajensa, ita ce dai ba ta taɓa zama inda za a ba ta ba.

Da suka kusa ƙarshen motowe ya rage gudu, ya kunna tirafiketa zai kewaya su koma.

"Ina za ka?" in ji ta.

"Gida mana. Rumfarki."

"Abiba na nan. Wannan da ta miƙe, ina ta nufa?"

"Aflao. In aka bi ta har Lome sai ta kai mutum."

"To miƙe kaɗan mu gani. Ai ba a gama gwada gwiwar ba."

Daga baya Wasiu ya fara kuka da cewa ya bar shagonsa a buɗe, motar mutane na jiran sa, ko sallar la'asar bai yi ba. Hajiya ta ce akwai masallaci a gaba, Allah na ko'ina. Alhaji ya goge idonsa da bayan hannu, ya kashe tirafiketa, ya miƙe.